"Faɗuwa Ta Yi": Ƙaryar Da Asibiti Ya Gaji Da Ji

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya taɓa jinya a sashen gaggawa na asibiti ya san cewa raunukan da ake kawowa iri biyu ne. Samari kan zo da saran adda ko sukar wuƙa daga faɗan daba, abokansu na bayyana yadda aka yi. Matan aure kuwa kan zo a makare, bayan kwana biyu ko uku, maigida na tsaye a kansu yana amsa tambayar likita: wai santsi ne ya kwashe ta a banɗaki.

Amma jiki ba ya ƙarya. Likitoci sun san cewa dukan gida ya fi sauka a fuska da kai da wuya. Suna ganin dodon kunne da mari ya fasa, da karayar ƙashin hannu inda ta ɗaga don kare fuskarta, da sabon ƙurji a gefen tsohon tabo. Mafi hatsari shi ne shaƙewa, domin sau da yawa ba ta barin alama a fata. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya nuna cewa macen da mijinta ya taɓa shaƙewa, hatsarin ya kashe ta daga baya ya ninka kusan sau 7. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko fyaɗe.

Laifinmu a nan shi ne mun sanya wa zalunci sunan haƙuri. 'Ya ta gudo gida da kumburarren ido, mu ce mata zaman aure ibada ne, mu mayar da ita. Alhali Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko bawa ba.

Saboda haka lalle ne ma'aikatan lafiya su riƙa keɓe mace su tambaye ta, su kuma rubuta abin da suka gani, domin rubutun zai zama hujja gaban alƙali. Iyaye kada su mayar da 'ya kafin a yi bincike. Limamai su faɗi wannan magana a kan mumbari. Maƙwabcin da ya ji ihu ya yi shiru, shi ma za a tambaye shi ranar gobe.

Allah Ya sa mu gyara.