Direban da ya sha ya tuƙa sau biyu, kar a ba shi makulli karo na uku

1/ Jama'a, ga wani zare. Maganar direbobin da ke tuƙi cikin maye ce, musamman waɗanda aka kama, aka saki, suka sake. Daga Zakirai nake rubutu, kuma abin ya taɓa gidanmu.

2/ Bara wani direban haya ya kaɗe ƙanena a kan babur, yana dawowa daga gona. Ƙafa ta karye gida biyu. Da aka fito da direban daga mota, idonsa ja wur, harshensa ya yi nauyi. Duk wanda ke wurin ya san ya sha wani abu.

3/ Washegari dattawa suka cika zaurenmu: "A yi haƙuri, ƙaddara ce, yaro ne mai iyali." Baba ya yafe. Daga baya muka ji ashe ya taɓa kaɗe wata tsohuwa, can ma haƙuri aka bayar. Yau haka yana lodi, yana ɗaukar mutane ta Gezawa zuwa Kano.

4/ Me doka ta ce? A jadawalin laifuffuka na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tuƙi cikin mayen giya ko ƙwaya tararsa ₦5,000 ce, da maki 5 a kan lasin. In maki ya kai 10 gargaɗi ne, 15 a dakatar da lasin, 21 a ƙwace.

5/ Ku yi lissafi. Sai an kama mutum sau uku, an rubuta sau uku, kafin a taɓa lasinsa. Ita kuwa ₦5,000 ko rabin tanki ba ta cikawa. A Ingila, wanda ya sake laifin cikin shekara 10, aƙalla shekara 3 zai yi bai tuƙa ba.

6/ Amma fa ko da an ƙara tarar, da sauran rina a kaba. Dokar tana hango direba mai lasin da kwalbar giya. Namu na karkara sau da yawa ba shi da ko ɗaya. Wanda bai taɓa yin lasin ba, me za ka ƙwace masa?

7/ Giya kuma, Hisbah na fasa kwalabenta a Kano kowa na gani. Abin da ke cin yaranmu ƙwaya ce: taramol, wiwi, da kodin ɗin da gwamnatin tarayya ta hana a 2018. Na'urar da ake hurawa giya take ganewa, taramol wuce ta yake yi salin alin.

8/ Wani zai ce ai don ya jure aiki yake sha, hana shi tuƙi hana shi abinci ne. Na ji. To ƙanena fa? Damina guda bai riƙe fartanya ba. Abincin gidan wa ya fi wani?

9/ Ga abin da nake gani. Na farko, a daina kashe magana a zaure kaɗai. Ka yafe haƙƙinka in ka so, wannan tsakaninka da Allah ne, amma a kai rahoto a rubuta. Laifin da ba a rubuta ba, kullum na farko ne.

10/ Na biyu, shugabannin tasha. Sun san mai sha fiye da kowane jami'i. Wanda aka kama sau biyu a cire shi daga layin lodi har sai ya kawo takardar gwajin ƙwaya, kuma a sanar da sauran tashoshi kar ya sauya sheƙa.

11/ Na uku, mai mota. Alhaji, in ka san halin yaronka ka miƙa masa makulli saboda kuɗin balas, kai ma a haɗa da kai a kotu.

12/ Na huɗu, mu fasinjoji. In ka ga idon direba ya juye, sauka. Gara ka makara kasuwa da a kai ka asibitin ƙashi na Dala.

13/ Karo na farko mu ce tsautsayi. Na biyu kuwa hali ne, kuma da hannunmu a ciki in muka sake roƙa masa. Ƙanena har yanzu da sanda yake zuwa masallaci. Allah ya kiyaye hanya.