Ɗanladi a bayan Zainabu: gadon da kwamfutar 1981 ta bar wa masu rubuta manhaja a Kebbi

Matashin da aka ba aikin rubuta manhajar rajistar manoman shinkafa a Gulma, ta ƙaramar hukumar Argungu, zai yi karo da wani abu tun ranar farko. Idan ya umarci kwamfuta ta jera sunaye ba tare da wani gyara ba, Ɗanladi zai faɗo can ƙarshe, bayan Zainabu.

Tushen matsalar ya girmi matashin. A 1963 aka fitar da tsarin ASCII a Amurka, mai gurabe 128, wanda ya wadaci Turanci. Da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, sai ya yi amfani da gurabe 256, harafi ɗaya a bayit ɗaya. Ƙarin ya tafi ga wasu haruffan Faransanci da Jamusanci, har da layukan zana akwati, amma ɓ da ɗ da ƙ ba su samu gurbi ba, duk da cewa tun shekarun 1930 ake buga Hausa da su a Zariya.

Wannan zaɓi ya sauƙaƙa wa mai shirya manhaja ƙwarai: ƙirga bayit shi ne ƙirga haruffa, jera lambobi kuma shi ne jera sunaye. Sai dai sauƙin na Turanci ne. Da Unicode ya zo a 1991 ya ba haruffa masu ƙugiya lambobi, amma nesa da 'yan'uwansu, kuma a tsarin UTF-8 kowannensu bayit biyu yake ci. Tsohuwar dabara sai ta riƙa kuskuren ƙirga tsawon suna, ko ta datse harafi ta bar alamar tambaya.

Mafitar da aka saba bi ita ce cire ƙugiyar. A takardar ɗan kasuwa ke nan kaya da ƙaya sun zama ɗaya. Mafi muni, sunan manomi kan fito iri biyu, ɗaya a rajistar ƙungiya, ɗaya a banki, rance ya maƙale a kan bambancin da ba shi ya jawo ba.

Gyaran ba mai tsada ba ne, domin harsunan shirya manhaja na yau sun iya Unicode. Abin da ya rage shi ne a koyar da shi a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, kuma jami'in da zai karɓi sabuwar manhaja ya gwada ta da sunan Ɗanladi kafin ya sa hannu a biya ɗan kwangila.