Darasin Zariya: Kofin Jami'a Daga Filin Sakandare Yake Farawa

Kowace shekara makarantun sakandare na wannan jiha suna yin gasar wasanni tsakanin gidaje. A share fili, a ja layi da toka ko farar ƙasa, a gayyato manyan baƙi, yara su yi gudu da tsalle, a raba kofuna, a watse. Bayan 'yan watanni kuma mu yaye 'yan aji shida, wasunsu su sami shiga jami'a. Tambayar da muke so ɗalibai, malamai da iyaye su yi tunani a kanta ita ce: a cikin yaran da muka tafa wa a fili, guda nawa ne suke sake sa rigar wasa bayan sun bar hannunmu? Duk malamin da ya daɗe a aiki ya san ba su da yawa.

Domin mu gane abin da muke asara, bari mu duba tarihin wasanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ita ce uwa ga jami'o'in Arewa. An buɗe ta a 1962. A 1966, lokacin da aka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a Ibadan, jami'o'i 5 ne kawai a ƙasar nan: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Zariya. Ke nan Zariya ce kaɗai ke ɗauke da sunan Arewa baki ɗaya. Tun daga lokacin ta karɓi baƙuncin gasar fiye da sau ɗaya, ciki har da karo na 18 a shekarar 2001. Ta kuma horar da malaman wasanni da lafiyar jiki masu yawa waɗanda suka bazu a kwalejojin horon malamai da makarantun sakandare na Arewa.

Amma a ganinmu abin da ya fi ɗaukaka sunan Zariya a fagen wasa shi ne ƙwallon kwando, kuma labarin ya fi kama da na malami da almajiransa. Wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson, wanda 'yan wasa ke kira OBJ, ya zauna a Zariya shekaru masu yawa yana koyar da wannan wasa a jami'ar. Abin lura shi ne bai tsaya ga ɗaliban jami'a kaɗai ba. Yaran Samaru da na cikin gari, 'yan firamare da 'yan sakandare, suna zuwa fili, yana karɓarsu, yana nuna musu yadda ake riƙe ƙwallo da yadda ake jefa ta. Ɗaya daga cikin yaran nan shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana da kimanin shekara 13. Ujiri bai taɓa buga wasa a babbar gasar Amurka ta NBA ba. Duk da haka a 2010 aka ba shi ragamar ƙungiyar Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na shekara, a 2019 kuma ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada ta ci kofin NBA na farko a tarihinta a ƙarƙashin jagorancinsa. Ya riƙe ƙungiyar har zuwa 2025. Tun 2003 ya kafa shirin Giants of Africa domin koya wa yaran Afirka wasan da shi ma aka koya masa kyauta.

To, ina jami'a ta sami wannan yaro? Ba ta hanyar jarrabawar shiga jami'a ba. Ƙofar fili ce aka bari a buɗe, aka kuma sami malami mai haƙuri yana tsaye a ciki kowace yamma.

Akwai wani labarin da ya fi kusa da mu. Hakeem Olajuwon yana ɗalibi ne a Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi a Legas, yana buga ƙwallon hannu da tsaron gida a ƙwallon ƙafa. Yana da shekara 15 makarantarsu ta zo Sakkwato gasar wasannin kwalejojin malamai ta ƙasa, a can aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. A lokacin Birnin Kebbi da Argungu duk suna cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Daga nan ya tafi Jami'ar Houston, a 1984 ya zama ɗan wasa na farko da aka ɗauka a zaɓen NBA na shekarar, ya kuma ci kofi a 1994 da 1995. Jami'ar Houston ta sami suna da shi, amma gasar 'yan makaranta ce ta tono shi. Mu da muka fito daga kwalejojin malamai muna da dalilin yin alfahari da wannan.

Yanzu mu dawo gida. Jami'o'in jiharmu yara ne idan aka kwatanta da Zariya. Ta kimiyya da fasaha da ke Aliero an kafa ta a 2006, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi kuwa a 2013. Muna kuma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, kuma irin waɗannan makarantu suna da tasu gasar ta ƙasa. Babu mai hankalin da zai ce su kamo Zariya a rana ɗaya. Abin da muke cewa shi ne kada su ɓata ƙarfinsu wajen kwaikwayon abin da wasu suka riga su da shekara 40, alhali Allah ya ajiye musu nasu arzikin a bakin ƙofa.

Wannan arziki kuwa ruwa ne. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin su, sunan garin ya haɗu da kamun kifi, har Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Yawancin baƙi babbar ranar Matan Fada suke zuwa kallo, inda dubban masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora suna neman giwan ruwa. Amma mu 'yan gida mun san akwai kabanci: tseren ninƙaya, tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Wanda ya taɓa ganin yadda ɗan Kabawa ɗan shekara 12 ke ratsa gulbi a lokacin da ruwa ya kawo, ba ya bukatar a gaya masa cewa akwai gwanaye a nan. Ba wanda ya biya kuɗin koya musu. A cikin ruwan suka girma.

Ga lissafin da ya kamata shugabannin wasanni su yi. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana bukatar 'yan wasa 11 a fili da wasu a benci, a ciyar da su, a yi musu riguna da takalma, a ɗauki mota, idan kuma sun yi nasara lambar zinariya 1 za a rubuta wa jami'a. A ninƙaya kuwa mutum ɗaya yana iya shiga tsere da yawa, gajere da dogo, salo daban-daban. Michael Phelps na Amurka shi kaɗai ya ci zinariya 8 a gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Jami'ar Fatakwal, wadda ta sha zuwa ta ɗaya a NUGA, har da gasar Legas ta 2022, tana cikin ƙasar ruwa ce, kuma ba ta yi wasa da ninƙaya ba. Haka mutanen Bayelsa suka yi da kokawar gargajiyarsu: suka ɗora ta kan ƙa'idojin zamani, har Blessing Oborududu ta ciyo wa Nijeriya azurfa a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Mu ma ai kokawa ba baƙuwarmu ba ce, kowane ƙauye yana da dandalinta bayan kaka.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Iyon gulbi daban, iyon gasa daban. A gasa ana iyo ne a cikin kwarmi mai tsawon mita 50, kowa a layinsa, da salo huɗu: na sake, na rigingine, na ƙirji irin na kwaɗo, da na malam-buɗe-littafi. Akwai yadda ake faɗawa, yadda ake juyawa a bango, yadda ake shan numfashi. Yaron da ya saba ɗaga kai sama yana duban kifi ko kwalekwale sai an sake masa hannu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan aka jira sai ya shiga jami'a yana da shekara 19 ko 20, an makara. Bugu da ƙari, ruwan fadama yana ɗauke da tsargiya, saboda haka duk makarantar da za ta ɗauki wannan aiki dole ta haɗa da gwajin fitsari da magani. Wannan ne ya sa muke ganin aikin ba na jami'a kaɗai ba ne. Kwarmin iyo guda ɗaya mai tsabta a Argungu ko Birnin Kebbi, wanda za a buɗe wa 'yan sakandare ranakun Asabar kamar yadda aka buɗe filin Samaru, zai fi amfani da motoci goma na kai 'yan ƙwallo gasa.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba mu raina maganarsu ba. Za su ce kuɗin makaranta da ƙyar ake haɗa shi, yaro ya zo karatu ne, ga jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suna jiransa, idan an tashi kuma akwai aikin shinkafa a fadama. Gaskiya ne cewa a cikin yara dubu da wuya a sami ɗaya da zai ci abinci da wasa. Amma dubi abin da ke faruwa a makarantu da yawa saboda wannan tsoro. An mai da lokacin wasa na la'asar darasin ƙari. Wani wurin an gina azuzuwa ko shaguna a kan fili. Malamin wasanni an ba shi lissafi ko kimiyya ya cike gurbi, ƙwallaye suna kulle a sito sai ranar da baƙi za su zo. Yaro ya zauna a benci tun ƙarfe 8 na safe har ƙarfe 5 na yamma cikin zafin Afrilu, sa'an nan a yi mamaki don yana gyangyaɗi. A iya abin da muka gani a aji, awa ɗaya ta guje-guje ba ta taɓa kayar da yaro a jarrabawa ba. Abin da ke kayar da shi rashin littafi ne, da yunwa, da rashin malami. Kuma ga mutanen da ke hawa kwalekwale zuwa kasuwa da gona, iya iyo ya wuce maganar kofi. Haɗarin jirgin ruwan Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayu na 2021, inda rayuka masu yawa suka salwanta, bai kamata ya fita daga zukatanmu ba.

Maganar 'yan mata ta fi wuya, domin su ne ake fara cirewa daga fili da zarar sun kai aji uku. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022, ta yi sakandarenta ne a makarantar mishan ta Our Lady of Apostles a Ijebu-Ode kafin Jami'ar Texas ta El Paso ta ɗauke ta, ta yi karatu tana gudu. Ana iya shirya wa 'yan matanmu lokacinsu daban, da malama mace, da suturar da iyaye za su yarda da ita. Wannan bai fi ƙarfin kowace makaranta ba.

Abin da ke hannunmu kuwa ba ya bukatar jiran gwamnati. A mayar da wasan la'asar sau uku a mako, a sa shi cikin jadawali yadda ba mai taɓa shi. A sayi agogon auna gudu da tef na awo, a buɗe littafi guda a ofishin shugaban makaranta inda za a riƙa rubuta sunan wanda ya ci kowane tsere, da lokacinsa, da shekarar. Idan ɗalibi zai tafi, a haɗa masa wannan shaida da takardar yabonsa, a kuma rubuta wa ofishin wasanni na makarantar da ya samu cewa ga mai gudu ko mai iyo nan tafe. Tsofaffin ɗalibanmu da ke Zariya, Sakkwato, Aliero da Kalgo su riƙa zuwa lokacin hutu suna nuna wa ƙannensu abin da suka koyo. Ƙungiyar iyaye da malamai kuma, a zamanta na farkon zango mai zuwa, ta sa maganar gyaran fili da sayen ƙwallaye cikin abubuwan da za a tattauna.