DASHEN ƘODA: KYAUTA KO CINIKI?

Jama'a, ciwon ƙoda ya zama abin magana a ƙasar nan. Idan ƙodar mutumin Ƙofar Ran a birnin Bauchi ta daina aiki, hanya biyu ce gare shi: wankin ƙoda ko dashe.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sauko da kuɗin wanki zuwa Naira 12,000 a wasu asibitocinta, har da Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Madalla. To amma wanki sau biyu ko uku ne a mako, kuma ba ya warkarwa. Dashe shi ne mafita.

An fara cin nasarar dashen ƙoda a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin wasu tagwaye. Nijeriya ba ta fara ba sai a 2000, a wani asibiti mai zaman kansa a Ikko. Asibitin Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, na Maiduguri kuma a 2010. Har yanzu asibitocin da ke wannan aiki kaɗan ne, shi ya sa masu hali ke tafiya Indiya.

Ko an yi dashen, da sauran aiki. Jiki yakan ƙi baƙuwar ƙoda, saboda haka tilas mutum ya riƙa shan magani mai tsada muddin ransa. Wanda ya sayar da gona aka yi masa aiki, kuɗin magani ya gagara, ya yi asara biyu.

Sai babbar tambaya: wa zai ba da ƙodar? A nan ne talauci ke buɗe ƙofar ciniki. Dokar Lafiya ta 2014 ta hana sayar da sassan jiki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta kyauta, ta haramta sayarwa. A 2023 wata kotu a Ingila ta yanke wa Sanata Ike Ekweremadu ɗaurin shekara 9 da wata 8, don ya kai wani saurayi daga Ikko a cire masa ƙoda.

Ra'ayinmu shi ne gwamnati ta tallafa a kan maganin bayan dashe, ta kuma sa ido a tabbatar mai bayarwa ya yarda da kansa, ba yunwa ta tura shi ba. Mu kuwa mu riƙa gwada hawan jini da ciwon sukari, domin su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Rigakafi ya fi magani.