Doka Daban, Sharaɗi Daban

Jama'a, 'yan'uwanmu da yawa mazauna Agege suna aikin gadi ko lebura a kamfanonin Ikeja, amma kaɗan ne suka san bambancin abin da doka ta ba su da abin da suka shirya da mai kamfani. A ganina, rashin sanin nan ne ke jawo yawancin rigimar ranar sallama.

Doka ita ce harsashin gini. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce lebura in ya cika wata 12 yana aiki, a ba shi hutu aƙalla kwana 6 da albashinsa. In ya yi ciwo, likita ya shaida, a biya shi har kwana 12 a shekara. In za a sallame shi bayan ya wuce wata 3, a ba shi notis na mako guda. Bayan shekara 2, mako biyu. Bayan shekara 5, wata guda. Waɗannan hakkinsa ne ko ba a rubuta ba, sharaɗi kuwa ba ya rage su.

Sharaɗi shi ne ginin da aka ɗora a bisa. Kuɗin haya, da kuɗin mota, da goron Salla, doka ba ta tilasta wa kowa ba. In manaja ya faɗa da baki, gobe aka canja shi, me za ka riƙe? Har ma albashi mafi ƙanƙanta na ₦70,000 da aka kafa a 2024 bai shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. A ƙaramin shago, abin da kuka shirya shi ne albashinka.

Saboda haka nemi takarda. Doka ta ce a ba ka ita cikin wata 3 da kama aiki, da bayanin albashi da hutu da notis. Ita ce babbar shaidarka a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke da reshe a Ikko.

Amma fa alkawari kaya ne. Notis ɗin nan ya hau kanka kai ma. Wanda ya ga damina ta faɗi, ya tattara kayansa ya tafi gida noma ba sallama, shi ne ya fara saɓawa.

Mu da muke koyon aikin malanta, ya kamata mu koya wa yara da manya karanta irin wannan takarda, kada kowa ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.