Faransa ko Rasha: musun fada ba ya kawo kuran

Tun da hukumomin Yamai suka sa hannu da Rosatom kan batun nukiliya a Yulin 2025, wayar shirinmu ba ta huta ba. Wannan ya ce Faransa ta mutu, wancan ya ce Rasha kurari ne kawai. Musu ake kamar na ƙwallo, a fada ana shan shayi, ga wuta an ɗauke!

To, bari mu faɗi abin da wasu ba su son ji. Faransa ba ta mutu ba. Tana da injinan nukiliya 57, kuma wajen kashi 2 cikin 3 na wutarta daga nan take fitowa. A Tuluz ake harhaɗa jiragen Airbus. Amma hannunta ya yi sanyi wajen gini: sabon injin Flamanville da aka soma a 2007, sai Disamban 2024 ya ba da wuta, kuɗinsa ya ninka kusan sau huɗu. Rasha kuwa a gida nukiliya ba ta wuce kashi 1 cikin 5 na wutarta ba, amma a waje ita ke gaba: tana gini a Turkiyya, da Bangladash, da El Dabaa ta Masar.

Sai dai ina ƙarfin nasu yake? Ba a rami yake ba. Uraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit tun 1971, ɓangarensa mai amfani bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A yawancin injina, sai an tace shi ya kai 3 zuwa 5 kafin ya kunna ko ƙwai ɗaya. Faransa na yin wannan a Tricastin, Rasha na riƙe da wajen kashi 40 na aikin a duniya. Mu fa? Gari muke ɗurawa a duro, mu ɗaga hannu mu yi ban kwana da shi. Shekara hamsin da ɗoriya kenan.

An karɓe Imuraren a 2024, Somair ta dawo hannun ƙasa a 2025, madalla. Amma ba mu manta Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana layi, masu ƙanƙara da masu walda a Maraɗi suka zauna hannu rabbana.

Saboda haka masu tafi, ku dakata. Masar bashin dala miliyan dubu 25 ta ci wurin Rasha kan tashar nan, kuma biya za ta yi. Mu da me za mu biya, da uraniyom na shekara nawa? Ɗalibai nawa daga jami'ar Abdu Mumuni za a koya wa aikin? Ruwan sanyaya injin daga ina? A karanto mana takardar a rediyo, da Hausa da Zabarmanci. Layinmu a buɗe yake.