Rashin Sa'a Daban, Kuskure Daban

A watan Nuwamba na 2018, a birnin Atlanta na Amurka, aka yi wasan ƙarshe na babbar gasar katin nan da ake kira Magic: The Gathering. Luis Scott-Vargas, wanda ya taɓa cin irin wannan gasa a Kyoto a 2009, shi ne ya kara da Andrew Elenbogen. Sun yi biyu da biyu, saura wasa guda a raba gardama. Katunan da Scott-Vargas ya ɗiba ba su da amfani. Ya mayar ya sake, ya kuma sake, kowace sakewa kuwa ana rage masa kati ɗaya, har ya fara da huɗu maimakon bakwai. Kafin a taɓa komai an riga an kayar da shi.

Mun kawo wannan labari ne domin a ganinmu ya warware abin da yawancinmu ke cuɗawa, watau rashin sa'a da kuskure. Wasan, wanda Richard Garfield ya ƙago aka fitar a 1993, an gina shi a kan su biyun. Mutum shi ke zaɓen katunansa 60 tun daga gida, cikinsu wajen 24 na "ƙasa" ne, waɗanda in babu su sauran ba su motsi. Zaɓen nasa ne. Yadda za su zo hannunsa bayan an cakuɗa kuwa ba nasa ba ne.

To, a nan ake gane ɗan wasa. Akwai wanda kullum aka kayar da shi sai ya ce kati ne bai zo ba. Irin wannan ya huta da zafin rai, amma fa bai ƙaru da komai ba, gama bai taɓa zama ya tambayi kansa ko ya rage katunan ƙasa fiye da kima ba, ko kuwa ya riƙe hannun da ya kamata ya mayar. (Mu ma da ke buga Whot a ɗakunan kwana mun san wannan ɗan'uwa sarai.) Akwai kuma wanda ke ɗora wa kansa laifin kome, har abin da ba shi da iko a kai. Shi ne ya fi ba mu tausayi, don a gasar da ake zagaye bayan zagaye yini guda, faɗuwa ɗaya ba ta fitar da kowa. Ana haɗa mutum ne da mai maki irin nasa. Amma wanda ya ɗauki takaicin zagaye na uku ya shiga na huɗu da shi, lalle zai yi kuskure na gaskiya, sa'an nan ya fita.

Ra'ayinmu shi ne a bi wasan da aka faɗi hannu-hannu, a tambayi abokin karawa abin da ya gani, a rubuta abin da ke gyaruwa, sauran a bar shi a teburin.

Wani zai ce ai wannan bai mayar wa Scott-Vargas kofinsa ba. Gaskiya ne. Sai dai masu wasan, kamfanin Wizards of the Coast, su ma sun duba nasu aikin. A 2019 suka gwada sabuwar doka a gasar Landan, suka tabbatar da ita a shekarar: mai sakewa ya ɗibi bakwai cif, sa'an nan ya zaɓi waɗanda zai mayar da kansa.